Askin Dogon Yaron Malam

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, mu da muke aiki a Sakkwato amma asalinmu na wannan ɓangaren ne, aka ce kowa ya koma gida. Ni gidan da aka ce in koma ban taɓa kwana a cikinsa ba. Mahaifina ya bar ƙauyenmu tun ban yi wayo ba, a Sakkwato na tashi, a can kuma na koyi karanta labarai a rediyo. Na sauka Birnin Kebbi da akwati ɗaya, na tarar garin ya cika ya batse. Gari ne na malamai da manoma da 'yan kasuwa, yana zaman zamansa, rana ɗaya aka juye masa ma'aikatan jiha guda. Akwai manyan jami'ai da suke kwana a ofis, da safe su naɗe tabarma su tura ƙarƙashin tebur, su zauna su fara aiki. Shagon da a da ake tara buhunan shinkafa an share shi, an shafa masa farar ƙasa, an zuba 'yan haya.

A cikin wannan hali na samu ciki da falo a gidan wani dattijon malami a tsohon gari. Ɗakunan suna gefen zaure, ƙofa ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. Babu takarda tsakaninmu, kuɗin hayan ma bai taka kara ya karya ba. Abin da Malam ya ce kawai shi ne, "Zauna har ran da Allah ya so." Na yi godiya, na kuma gane cewa duk ranar da wa'adin ya cika, daga bakinsa zan ji. Nan da nan na je na ɗauko matata da yaranmu biyu daga Sakkwato, inda na bar su a gidan surukaina.

Ba ni kaɗai na san darajar ɗakunan nan ba. Kullum akwai masu zuwa gaida Malam da goro da turare, su zauna suna sauraron karatu, idonsu yana kan ƙofata. Wanda ya fi kowa naci wani jami'i ne mai tumbi, daga cikin masu kwana a ofis. Ya taɓa tambayata ko ɗakin ciki yana da taga, wai don ya san yadda ake gini a garin.

A ƙofar gidan akwai dogon yaro, babba, inuwarsa ta kama daga bakin zaure har shagon maƙwabcinmu. A ƙarƙashinsa Malam yake ba da karatu, da hantsi da kuma bayan la'asar. Ɗalibansa duk magidanta ne, manoman shinkafa, 'yan kasuwa, da wani tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya. Kowa yakan zo da littafinsa a gafaka da tabarmarsa a hammata. In inuwa ta gusa, su ja tabarmi su bi ta, karatu bai tsaya ba.

Maƙwabcin namu mutumin kudu ne, mai sayar da kwanon rufi da ƙusa. Ya daɗe a garin har ya fi ni Kabanci, Hausar Kebbi, nesa ba kusa ba. Ni ina magana da Hausar da aka gyara mana a wurin aiki, shi kuwa in ya buɗe baki sai ka rantse a bakin fadama aka yanke masa cibiya. Yana kirana Mai Labarai, ina kiransa Mai Kwano.

Matsalar ta fara ne daga reshe ɗaya, mai kaurin cinyar ƙato, wanda ya kwanta a kan rufin ɗakinmu na ciki. In iska ta motsa sai ya riƙa goga kwano, ƙi-ƙi-ƙi, kamar ana wasa wuƙa. Muna cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata rana da yamma iska ta karyo wani busasshen tsagi daga jikinsa, ya huda kwano daidai inda yara suke kwanciya. Da na dawo aiki matata ta tare ni da shi a hannu.

"Ka ga wannan? Ƙaraminsu ne. Babban yana nan sama yana jira."

Washegari bayan an tashi karatu na durƙusa gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, reshen nan da ke kan ɗaki na zo neman izini a rage."

Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar yadda mutum yake duban ɗansa da aka kawo ƙara.

"Iccen ga da hannuna na dasa shi, yana kamar asawaki. Wanda ya hau ɗakinka, a sauke shi. Sauran nawa na."

"Shi kaɗai, Allah gafarta Malam."

"Tau."

Saura mai hawa. Kamar yadda aka koya mana a wurin aiki, ban tsaya ga majiya ɗaya ba.

Na fara da na cikin gari. A lokacin duk wanda yake da gatari a Birnin Kebbi ya zama ɗan kwangila, saboda ana ta share filayen gina ofisoshi da gidajen ma'aikata. Wanda aka turo mini ya zo a kan sabon keke, da agogo a hannu. Bai fara duban bishiyar ba, takalmina ya fara duba.

"Wace ma'aikata?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, sannan ya jero mini aikin daki-daki. Akwai kuɗin hawa. Akwai kuɗin igiya, don a sauko da reshen a hankali kada ya rufta ɗaki. Akwai kuɗin kwashe ganye, in kuwa ina so in kwashe da kaina, to akwai kuɗin datsa reshen yadda zai kwasu. Da ya haɗa, abin ya doshi rabin albashina na wata. Na ce masa reshe ɗaya ne fa. Ya ce shi ma rai ɗaya gare shi. Ya ƙara da cewa ko mun daidaita sai ya gama aikin gwamnati tukuna.

Wani daga cikin ɗaliban Malam ya ba ni labarin wani mutum a Ambursa da yake karɓar abin da bai kai rabin wancan ba. Sai dai ni zan biya masa kabu-kabu zuwa da komowa, in ba shi abincin rana, kuma ba ya barin fadama sai ya gama yankan shinkafar rani. Da na yi lissafi na ga lokacin da zai samu sarari ruwa ya riga ya sauka, wataƙila reshen ma ya sauko da kansa kyauta.

Ana cikin haka aka tura ni Argungu in ɗauko hira da manoman albasa. Lokacin cire albasa ne, ko'ina ka duba ana kafa rudu, wato rumfar da ake shanya ta a kai don iska ta riƙa ratsa ta kada ta ruɓe. Wani manomi ya bayyana mini cewa da dogon yaro ake yin dirkokin, domin gara ba ta cin sa saboda ɗaci, kuma a wannan lokaci dirka mai kyau ta fi ƙarfin mai ƙaramin hannu. Na gama hira ina jiran mota sai na hango mutum a saman bishiya yana sara. Na tsaya har ya sauko. Siriri ne, ba takalmi, gatari a kafaɗa, igiya a naɗe a ƙugu.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam mai sara, nawa kake karɓa a rage reshe?"

Ya dube ni, ya dubi rikodar da ke rataye a wuyana.

"Karɓa? Wa ka biyan kuɗɗi don a sare mai icce?"

"A Birnin Kebbi ana biya."

Ya juya ya kira wasu mutane da ke ɗaure dirkoki, ya maimaita musu abin da na faɗa, suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa.

"Ma'aikaci, nan ba a biya. Abin da ya hwaɗo ƙasa na mai hawa na. Mai icce shi huta, mai hawa shi kwashe."

"Igiya fa?"

"Igiyata ta."

"Ganye?"

"Har ganye ba mu bari."

Na lura duk dogon yaron unguwar gajeru ne, kowanne gangar jiki ce kawai da tukkun ganye a ka. Na ɗauka irin nasu ne daban, wataƙila saboda kusancin ruwa. Muka sa rana. Na zaɓi ranar da Malam zai tafi suna Ambursa da yawancin ɗalibansa, don kada sara ta katse karatu. A mota ina ta mamakin yadda aiki ɗaya yake cin rabin albashi a wani gari, a gari na gaba kuma ana yin sa kyauta har da kwashe shara. Har na fara tsara yadda zan yi shiri a kan batun.

Ranar da hantsi sai ga shi a cikin a-kori-kura, shi da direba.

"Motar fa?" na tambaya.

"Ta albasa ta. Mun kawo kaya kasuwa, komawa za ta yi wayam."

Na nuna masa reshen. Ya tofa yawu a tafin hannu ya hau. Gaskiya ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ya ɗaure reshen da igiya, ya rataya ta a wani na sama, ya sara ta ƙasa sannan ta sama, reshen ya rabu da uwar ya tsaya yana lilo, direba ya sassauta igiya har ya kwanta a ƙasa. Ko ƙwarzane kwano bai samu ba. Na ji daɗi har na leƙa ciki na ce wa matata ta zo ta ga sararin sama ta hudar rufi.

Sai na ji murya daga sama.

"Ma'aikaci! Iccen ga ya karkace."

Na fito. Ya ce tunda an ɗauke nauyin wannan gefe, wancan gefen ya rinjaya, in iskar farkon damina ta zo, can zai kwanta. Na ja baya na duba. Ban sani ba ko ya karkata ko kaina ne na karkatar, amma da aka faɗa sai na ga kamar haka ne. Mai Kwano ya fito daga shago yana kare ido da hannu.

"Mai Labarai, wallahi ya karkace. Kuma wajen shagona ya nuhwa. In ya hwaɗa min bisa kaya, kai da kanka za ka karanta labarin."

Na tuna maganar Malam. Na kuma yi tunanin cewa Malam ba zai so a bar masa bishiya a karkace ta faɗa kan maƙwabci ba. Na ce to, a ɗan rage wancan gefen a daidaita. Lokacin labaran rana ya matso, kuma labarai ba sa jiran kowa. Na ce wa Mai Kwano ya sa ido, na tari kabu-kabu na tafi.

Abin da ya faru bayan tafiyata daga majiyoyi uku na same shi, kuma duk sun yi daidai da juna, abin da ba kasafai yake faruwa a aikinmu ba. Mai sara ya rage yamma, sai kudu ta yi nauyi. Ya rage kudu, sai arewa ta yi nauyi. Kafin kowane sara yakan leƙo ya tambayi Mai Kwano, shi kuma ya ce a ci gaba, domin tun da ya kafa allon shagonsa bai taɓa ganin ana iya karanta shi daga titi ba sai ranar. Matata tana tsakar gida tana girki, ta ga rana ta sauko kan randa, wurin da rana ba ta taɓa zuwa ba. Can ta ga ta kai bakin murhu. Matan gidan sun ɗauka Malam ne ya ba da umarni, ita kuma ta ɗauka ni ne. Duk da haka ta matsa bayan ƙofa ta ɗaga murya.

"Mai sara, har yanzu ba a gama ba?"

"Saura kaɗan, uwar gida. Daidaitawa muka yi."

Da na taso aiki, mai kabu-kabu ya wuce gidan da ni, ni ma ban ce ya tsaya ba. Sai da muka kai bakin masallaci na ce ya juya, mun ɓata hanya. Da muka dawo na ga wani gida tsirara a cikin rana, da wani kututture a gabansa mai guntayen hannuwa, kamar an ce masa ya ɗaga hannu sama. A-kori-kura ta cika har ta yi tozo. An share ƙasa tas, ko ganye ɗaya babu, kamar yadda aka yi mini alkawari.

Mai sara ya taro ni da fara'a.

"Ma'aikaci, ka ga aiki? Yanzu ko guguwa ta zo ba ta samun abin kamawa."

"Reshe ɗaya na ce."

"Ɗaya ka ce, kuma ka ce a daidaita. Ga shi ya daidaita."

Ba zan iya cewa bai daidaita ba. A hankali na fahimci abin da idona ya gani a Argungu. Mutumin da ladansa itacen da ya sauko ne ba ya hawa don reshe ɗaya. A can in an kira mai hawa, aski ake nufi, a ɗauke kan gaba ɗaya, bishiya ta sake fitar da rassa miƙaƙƙu, in sun ƙosa a sake kiransa. Bai cuce ni ba. Aikin Argungu ya yi mini a kan farashin Argungu.

"Damina ɗaya," in ji shi, "sai ka ga ya hi da kyau."

"Yanzu bazara muke ciki."

"Awo. Shi ya sa dirka ka tsada."

Sannan ya yafito direba, suka sauko da buhun albasa daga gaban mota suka jingine a ƙofata.

"Wanga goronka na. Iccen ya yi albarka, ya hi ƙarhin wahalata. Ba ni cin haƙƙin mutum."

Ashe wannan ma al'ada ce. In itacen ya zarce ladan aiki, mai hawa yakan ba mai bishiya wani abu. Na ce ya ɗauke, ya ce ai ba a mayar da goro. Na ce to a sauke itacen, ya tambaye ni ko kan bishiyar zan mayar da shi. Kafin in ankara mota ta tashi.

Malam ya dawo dab da la'asar. Bayan salla ɗalibai suka hallara, kowa da tabarmarsa a hammata, suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san inda zai shimfiɗa. Mutanen unguwa suka fito kallo. Jami'in nan mai tumbi, ban san wanda ya kai masa labari ba, har ya iso, ya tsaya kusa da Malam yana salati da ƙarfi.

"Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Wasu mutane ba a ba su amana. Ni da a ce ni ne a nan, ko asawaki sai na nemi izini kafin in karya."

Daga ciki ina jin ƙarar tukwane. Matata ta fara haɗa kaya.

Malam ya matsa gindin bishiyar. Ya dubi kututturen tun daga ƙasa har sama, ya dubi buhun albasa, ya sake duban kututturen. Sai ya sa aka shimfiɗa buzunsa a inda ya saba zama, ya zauna a tsakiyar rana. Dole kowa ya zauna. Ranar bazara ko bayan la'asar ba ta da sauƙi, kafin a gama gyara zama gumi ya fara ɗiga a kan gafakoki. Ya yafito ni, na durƙusa.

"Ɗan rediyo, nawa ka biya?"

"Ban biya komai ba, Allah gafarta Malam."

"Nawa anka biya ka?"

Kowa ya juya ya dubi buhun.

Na ba da bayani tun daga farashin Birnin Kebbi har zuwa karkacewa, a tsare, ba ƙari ba ragi. Mai Kwano ya matso ya durƙusa kusa da ni, ya ce shi ma da hannunsa a ciki, shi aka bar wa ido.

"Idon naka mi ya gani?" in ji Malam.

"Allona, Allah gafarta Malam."

Wani ɗalibi ya yi tari ya rufe fuska da littafi.

Malam ya juya ga ɗalibansa ya ce yau ba sai an buɗe littafi ba, mas'ala ta zo har gida. Mutum ya samu izinin reshe ɗaya, an sare duka, wani ya tafi da itacen, an bar albasa. Albasar ta wa ce, kuma me ke kan mutumin?

Wani manomi ya ce albasa ta mai bishiya ce, tunda a madadin rassansa ta zo. Wani ɗan kasuwa ya ce wannan ciniki ne da aka yi ba da sanin mai kaya ba, in Malam ya karɓi albasa ya amince da cinikin ke nan, in bai karɓa ba sai a bi mota Argungu. Manomin ya ce kafin a kai Argungu an riga an kafa rudu. Tsohon magatakarda ya ce duk sun bar asalin magana, abin da aka rasa ba itace ba ne, inuwa ce, a fara tantance ko inuwa dukiya ce da ake yi wa kima. Ɗan kasuwan ya ce in yana shakka ya taɓa ƙeyarsa. Aka yi ta ja, ni ina durƙushe, gwiwoyina suna gasuwa. Jami'i ya sa baki ya ce a ganinsa mafita ɗaya ce, mai laifi ya ba da wuri. Ba wanda ya tanka masa, domin ba ɗalibi ba ne.

Mai Kwano ya ce zai ba da kwano a kafa rumfa, a kan farashin sari.

"In zauna ƙarƙashin kwano cikin bazara?" in ji Malam. "Gasa ni kaka so ka yi?"

Daga nan ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Albasa a shiga da ita cikin gida." Mutum biyu suka tashi suka ɗauka. "Inuwa kuwa ba a saida ta kasuwa, balle in ce ka sawo. Abin da anka ɓata, da irinai aka biya. Ɗan rediyo, kana da inuwa?"

"Allah gafarta Malam, ni ko shuka ba ni da ita."

Ya miƙa hannu ya nuna ƙofar falona.

"Waccan hwa?"

A ranar aka kwashe kujeruna da teburina aka cusa a ɗakin ciki, aka share falo, aka shimfiɗa buzu a jikin bango. Hukuncin shi ne makaranta za ta zauna a falona har dogon yaro ya mayar da inuwar da za ta rufe Malam da ɗalibansa. Na shiga na tarar da matata zaune a kan ƙullin kaya.

"Yaushe za mu tashi?"

"Ba tashi za mu yi ba. Matsawa za mu yi."

Ta dubi kujerun da aka ɗora a kan gado, ta dubi yara, ta fara kwance ƙullin.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Mu huɗu da kayan ɗaki biyu a ɗaki ɗaya, in zan sa wando sai na fara sauke kujera. In zan fita aiki da hantsi sai in ratsa tsakanin gwiwoyin dattawa da takalmi a hannu, ina sallama ina ba da haƙuri. Na saba karanta labarai a bayyane kafin in tafi, don harshe ya sake, sai na koma yi a ɗakin ciki da ƙaramar murya. Duk da haka wata rana ina fitowa tsohon magatakarda ya riƙe mini gefen riga ya tambaye ni ko da gaske ne za a kawo taki bana. Jami'i mai tumbi ya zo sau biyu, ya ga takalma sun cika ƙofar, ya leƙa ya ga Malam a jingine da bangon da ya daɗe yana aunawa da ido. Bai sake zuwa ba. Sauran masu goro da turare ma suka janye, domin ba wanda zai iya cewa malami ya tashi makarantarsa ya ba shi wuri.

Ruwa ya sauka, kututture ya fitar da toho ta ko'ina, kafin kaka ya yi kai cunkus, kore shar. Wata rana na ga inuwar ta yi faɗi, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, dogon yaro ya yi ganye."

A falon akwai fanka mai tsayuwa da na zo da ita daga Sakkwato. Tun makon farko ɗalibai suka gano inda ake murɗa ta, suka saita ta tana juyawa daga Malam zuwa magatakarda ta dawo. Malam ya tashi ya fita, ya zagaya bishiyar, ya dubi inuwar a ƙasa, ya dubi ɗalibansa ta ƙofa kamar mai ƙirga su. Ya dawo ya zauna a kan buzu.

"Ba ta ƙosa ba tukuna. Ƙara ma abin ga lamba."

Na ƙara mata lamba.

Daga baya abin ya samu tsari. In an ɗauke wuta sai a naɗe tabarmi a koma ƙarƙashin dogon yaro, matata ta yi maza ta share falo, yara su fito su yi birgima. Shagon Mai Kwano yana da ƙwan lantarki a waje wanda ba ya kashewa, don haka shi yake fara gani. Sai ka ji ya ƙwala kira, "An kawo!" Dattawa su tashi da littattafai a hannu, yatsa a kan layin da aka tsaya, su biyo Malam a jere. A haka muka zauna a gidan har aka gama gidajen ma'aikata aka ba ni nawa, ba wanda ya taɓa ce mana mu tashi.